Yadda Ake Haɗa Tukunyar Itace ta Waje da Bututun Ɗumama Gida

Assalamu alaikum. Tun bayan hunturun bara 'yan'uwa da ke zaune a karkarar Minnesota da Wisconsin a Amurka, da Manitoba a Kanada, suke ta aiko mini tambaya iri ɗaya: yaya ake haɗa tukunyar itace ta waje da bututun ɗumama gida? Wani ya sayi gidan gona ya tarar da tukunyar itace a bayan gida ba a haɗa ta ba, wani kuma kuɗin gas ya ishe shi yana so ya kafa tasa. To ga yadda aikin yake bi da bi, kamar yadda na yi a gidana, na kuma taya maƙwabta.

Tukunyar nan kamar ɗan ƙaramin ɗaki take, da murhu a ciki wanda tankin ruwa ya kewaye. Wuta na dafa ruwan zuwa wajen digiri 180 na Farenhait, wato 82 a ma'aunin Salsiyos, famfo ya tura shi ta bututun da aka binne zuwa cikin gida, ya sauke zafinsa ya koma. Ka riƙe abu guda tun yanzu: yawancin waɗannan tukwane a buɗe suke ta sama, ruwansu ba shi da matsi. Boilar cikin gida kuwa, wato tukunyar dafa ruwan ɗumama ɗakuna, a rufe take, da matsin psi 12 zuwa 15 (psi ma'aunin matsi ne). Rabin kurakuran da zan ambata daga mantawa da wannan bambancin suke fitowa.

1. Izini da zaɓen wuri

Kafin ka kashe ko dala ɗaya, je ofishin ƙaramar hukumarku ka tambayi dokar wurin, domin akwai garuruwan da suka hana tukunyar gaba ɗaya saboda hayaƙi. A Amurka hukumar kare muhalli ta EPA ta kafa ƙa'idar hayaƙi a 2015, ta ƙara tsaurara ta a 2020, don haka sabuwar tukunya sai mai takardar shaidarta. Jihar New York ta ɗora nata sharaɗin: sabuwar tukunyar gida ta yi nisan ƙafa 100 daga iyakar fili, bututun hayaƙinta kuma ya kai ƙafa 18. Ka sanar da kamfanin inshorar gidanka shi ma.

Wajen zaɓen wuri, lura da inda iska ta fi kaɗawa da sanyi, kada hayaƙi ya riƙa shiga tagar maƙwabci. Haƙƙin maƙwabtaka ne, kuma ƙorafinsa kaɗai na iya sa a rufe maka tukunya. Ka bar hanyar da motar itace za ta iso, sannan ka tuna kai ne za ka taka wannan tazarar safe da yamma cikin dusar ƙanƙara. Ka zuba daɓen siminti mai kaurin inci 4, ka bar ramin da bututu zai ɓullo daidai bayan tukunyar.

Gargaɗi: kada ka soka shebur a ƙasa sai ka kira masu alamar layukan ƙarƙashin ƙasa (a Amurka lambarsu 811) kwanaki kaɗan kafin aikin. Kyauta za a zo a yi alamar inda wayar wuta da bututun gas suka bi. Amma layukan da mai gidan da ya gabace ka ya binne da kansa, irin na rijiya ko tankin gas, kai za ka neme su.

2. Lissafi kafin sayayya

Nan ne mutane ke tsallakewa, su sayi abin da suka ga maƙwabci ya saya. Lissafin kuwa bai da wuya. Idan ruwa ya shiga gida ya fito da ragin digiri 20, kowane galan ɗaya a minti yana ɗauke da zafin BTU 10,000 a awa (BTU ma'aunin yawan zafi ne). Gidan da ke buƙatar BTU 80,000 a daren da sanyi ya fi tsanani, ke nan galan 8 yake nema a minti.

Sai tsawon hanya. In tukunya na nisan ƙafa 100 da gida, ruwa ƙafa 200 zai yi, zuwa da dawowa. Bututun roba na PEX da ake kira mai inci 1, cikinsa bai cika inci ba, bai ma kai kashi tara cikin goma ba. Tura galan 8 ta cikinsa a wannan tazarar, haɗe da na'urorin cikin gida, yana iya cin nauyin turi na kusan ƙafa 20, wato kamar famfo ya ɗaga ruwa sama tsawon ƙafa 20. Ƙaramin famfon nan Taco 007 da ke kowane shago, iyakar turinsa wajen ƙafa 10 ne, ba zai iya ba. Sai irin Taco 0011 ko Grundfos UPS 26-99, waɗanda ke kaiwa wajen ƙafa 30. In kuwa ka sa bututu mai inci 1 da kwata, wahalar turin takan ragu zuwa ƙasa da rabi, ƙaramin famfo ya wadatar, kuɗin wuta ya sauka tsawon shekaru. Ni dai shawarata, da zarar nisa ya wuce ƙafa 100 ko gidan babba ne, a ɗauki mai faɗin. Kowane famfo yana zuwa da takardar da ke nuna galan nawa yake bayarwa a kowane nauyi. Ka duba ta, kada ka tsaya ga sunan da ke jikin kwali.

3. Kaya da abin da za su ci

Ban da tukunyar kanta, wadda sabuwa takan haura dala 10,000, abin da ya fi cin kuɗi shi ne bututun binnewa. Nagari yakan kama daga dala 10 zuwa 20 kowace ƙafa, gwargwadon faɗi. Famfo da na'urorin musayar zafi kowanne 'yan ɗaruruwan daloli ne. Sauran ƙananan kaya su ne bawul-bawul na rufewa masu yawa, matatar ruwa, bawul mai gauraya ruwan zafi da na sanyi, ma'aunin zafi aƙalla huɗu, wayar wuta irin ta binnewa, da maganin hana tsatsa. Na aiki kuma: almakashin yanka PEX, abin matse zoben haɗi, sifanu biyu, injin huda bango, da hayar ƙaramar motar haƙa ta yini ɗaya. Ka ware kuɗin mai aikin lantarki mai lasisi.

4. Rami da bututun ƙasa

In akwai inda zan roƙe ka kada ka yi tsumulmula, nan ne. Famfo in ya yi kaɗan a canza shi cikin awa ɗaya. Bututun da aka binne kuwa sai an sake tone fili.

Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda aka zuba wa kumfa mai tauri ta cika tsakanin bututan biyu, na kai ruwa da na dawo da shi, da baƙar rigar waje, babu ko kafar da ruwa zai kwanta, irin su ThermoPEX, Logstor da Insulpex. Akwai kuma mai arha, wanda aka naɗe da 'yan mayafai aka zura cikin bututun magudana. Shi na fara saya. Shekarar farko lafiya lau. A hunturu na biyu wata safiya na leƙa ta taga na ga fili fari fat da ƙanƙara, sai wani baƙin layi miƙaƙƙe daga tukunya har jikin gida, ciyawa a waje, tururi na ɗan tashi. Dutse ya huda rigar, ruwan ƙasa ya shiga ya jiƙa mayafan. Na auna: ruwa na barin tukunya a 180, yana isowa gida a 166. Itacen da nake sarewa da hannuna ƙasa yake ɗumamawa. Da bazara na tone duka na sake. Arha ba ta ado. Bututu nagari a tazarar ƙafa 100 bai kamata ya zubar da fiye da digiri ɗaya ko biyu ba.

Zurfin rami ƙafa 2 ya isa ga mai kumfa matuƙar ruwa na zagayawa, amma a ƙarƙashin hanyar mota ka kai ƙafa 3 ko fiye, ka zura shi cikin wani babban bututu saboda nauyi. A arewacin Minnesota ƙasa kan daskare har dokar gini ta ce a kai harsashi zurfin ƙafa 5, don haka kada ka ɗauka zurfin ramin ne ke hana ruwanka daskarewa. Motsinsa da zafinsa ne.

Ka tsince duwatsu, ka shimfiɗa yashi a ƙasan ramin. Ka warware bututun ya sha rana tukuna, don da sanyi taurinsa ya fi ƙarfin mutum biyu. Ya tafi a guntu ɗaya, babu haɗi ko ɗaya a ƙarƙashin ƙasa. Inda za a yi kwana, a yi ta da faɗi. Ka bar rarar ƙafa biyu ko uku a kowane baki, kuma baƙar rigar ta ɓullo sama da daɓe ta kuma shige cikin bangon gida, kada bakinta ya tsaya inda ruwan sama zai zuba ciki. Ramin bangon a yi shi da ɗan gangare zuwa waje, a toshe da simintin da ke hana yoyo. Wayar wuta ta bi ramin a cikin nata bututun.

Gargaɗi: kada a mayar da ƙasa sai an gwada. Toshe baki ɗaya, hura iska ta ɗayan har wajen psi 50, ka bar ma'auni a kai ya kwana. In allura ba ta motsa ba, sai a rufe. Ka yi wa bututun kai ruwa alama da jan tef a bakin nan biyu tun kafin binnewa, ka kuma ɗauki hoton ramin.

5. Famfo a jikin tukunya

Famfon ya zauna a bayan tukunya, a kan layin da ke fita da ruwan zafi, can ƙasa yadda ruwan tanki zai taru a kansa, yana turawa zuwa gida. Dalili shi ne tukunyar ba ta da matsi. In ka kai famfo sama ko nesa yana zuƙowa, ruwa mai zafin 180 yakan tafasa a bakinsa, ka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ba da daɗewa ba ya lalace. In ɗakin ƙarƙashin gidanka ya fi tukunyar gangarowa sosai, ana iya sa shi can.

Sandar injin ta kwanta a kwance, kibiyar da ke jikinsa ta kalli gida. Ka sa bawul gaba da baya domin ranar canji ba sai an zubar da ɗaruruwan galan ba. Kada ka taɓa kunna shi babu ruwa, ruwan ne man shafawarsa. Kuma ka sayi na biyu ka ajiye, domin famfo ba ya mutuwa sai daren da shaguna suke rufe kuma sanyi ya kai 30 ƙasa da sifili.

6. Ruwan wanka shi ne farko

Da layin ya shigo gida, tashar farko matata ce, sai na'urar ruwan wanka, saboda ita ke son ruwa mafi zafi. Ko dai dogon bututu mai riɓi biyu da ake jinginawa a gefen tankin ruwan zafi, ko ƙaramar na'urar musayar zafi mai jerin farantan ƙarfe a kan layin ruwan sanyi da ke shiga tankin. Ta farantin ta fi sauri, amma in ruwan rijiyarka mai gishiri-gishiri ne takan toshe, sai ka sa mata bakin wankewa. A duka biyun ruwan tukunya da ruwan sha ba sa gauraya, ƙarfe ne a tsakaninsu.

Gargaɗi: ruwan tankin zai iya haura digiri 170, wanda ke sale fata nan take. Dole ne a sa bawul mai gauraya a bakin fitar tankin, a saita shi a 120. Gidan da yara ke buɗe famfo da kansu, ko tsoho ke alwala da asuba ido bai gama buɗewa ba, wannan bawul ɗin ba abin jinkirtawa ba ne. Bawul ɗin tsaro na tankin kuma a bar shi inda yake.

7. In gidanka na hura iska ne

Yawancin gidajen nan suna da injin gas da ke hura iska mai ɗumi ta cikin bututun kwano. A nan za ka sa wata na'ura mai kama da lagireton mota a cikin akwatin kwanon da ke saman injin. Auna akwatin tukuna, ka sayi wadda ta cika shi. Yanka gefe, kafa 'yan ƙarafan da za ta hau, zura ta, ka toshe duk wata kafa da tef ɗin alminiyom. In ka bar rata ko ta yatsa biyu ce, iska za ta bi ta nan ta ƙi ratsa lagireton. Ka haɗa ta yadda iskar da ta maƙale a ciki za ta samu hanyar fita ta sama, ka kuma sa bututun kewaye mai bawul uku domin a iya tsallake ta da zafi. In akwai na'urar sanyaya ɗaki a akwatin kuma lagireton na samanta, sanyin na iya daskarar da ruwan ciki ya fasa shi, don haka a zubar da ruwansa kafin a fara kunna ta.

Sai ka ƙara ma'aunin bango na biyu, irin wanda ke kunna injin in ɗaki ya yi sanyi, wanda aikinsa kawai ya tada fankar injin ba tare da kunna gas ba. Tsohon ma'aunin a saita shi ƙasa da sabon da digiri uku ko huɗu, yadda in wutar itace ta mutu cikin dare gas zai karɓa. Kuskuren da aka fi yi a nan: a wasu tsofaffin ma'aunai wayar fanka mai alamar G tana haɗe da ta sanyaya ɗaki mai alamar Y, sai ka ga injin sanyi na waje ya tashi a tsakiyar Janairu. Ƙaramin makunni na tsakani ke raba su, kuma aikin mai lantarki ne.

8. In gidanka na da boila

Kada ka haɗa ruwan tukunyar waje kai tsaye da boilar gida. Matsin gidan zai zube, ruwan benen sama ya gangaro ya malalo ta saman tukunya, sannan ruwan waje mai ɗauke da iska ya cinye ƙarfen boilar da tsatsa. Na'urar faranti ake sawa a tsakani, kowane ɓangare da ruwansa da famfonsa.

Ka ɗora ta a kan layin da ke dawo da ruwa cikin boilar, domin ya iso da zafinsa, gas ya ga babu aikin yi. Ruwan biyu su bi ta cikinta suna fuskantar juna, ɗaya na hawa ɗaya na sauka. In aka haɗa su suna tafiya gefe guda, zafi mai yawa ba zai ƙetare ba. Wajen girma, gara ta yi yawa da ta yi kaɗan: ka ba mai sayarwa adadin BTU da zafin ruwan ɓangarorin biyu, kada ka tsaya ga ƙidayar faranti. Tankin da ke karɓar kumburin ruwa in ya yi zafi da bawul ɗin tsaro mai psi 30 na boilar su zauna yadda suke, babu bawul ɗin rufewa tsakaninsu da ita. Duk bututun PEX da za ka ƙara a ɓangaren gida ya zama mai rigar hana iska shiga. In kuma ɗumin na bi ta ƙarƙashin daɓe ne, sai an sauke ruwan zuwa wajen 110 da bawul mai gauraya, in ba haka ba katako ya tsage, tafin ƙafa ya kasa taka ƙasa.

Gargaɗi: a layin tukunyar waje kada ka sa ɗan bawul ɗin nan mai fitar da iska da kansa a wurin da ya fi saman ruwan tukunya tsayi. Zuƙo iska zai riƙa yi maimakon fitarwa.

9. Cikawa da korar iska

Daga cikin gida ake cikawa. Haɗa tiyo daga famfon gida zuwa bakin cikawa da ka tanada a layin, da abin hana ruwa komawa baya. Rufe layin dawowa, ka bar ruwa ya bi layin kaiwa har ka daina jin kumfa na fashewa a tanki. Sai ka juya, ka rufe na kaiwa ka buɗe na dawowa. Ka maimaita sau biyu ko uku, ka bi da ruwan ta kowace na'ura. Kada ka cika tanki maƙil da ruwan sanyi, domin in ya yi zafi zai kumbura ya zube. Tsaya a alamar da kamfanin ya sa.

Zuba maganin hana tsatsa da kamfanin tukunyar ya ambata. Da yawansu suna sharɗanta a aika musu samfurin ruwa kowace shekara, in ba a yi ba garanti ya faɗi. Cire tiyon idan ka gama.

10. Wutar farko da awo

Kunna famfo tukuna, ka bi kowane haɗi da busasshen tsumma. Sannan ka hura ƙaramar wuta da busasshen itace, wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba. Ranar farko za ka ga ruwa na ɗiga a cikin murhu, gumi ne na ƙarfe mai sanyi, zai daina. Bayan ruwa ya yi zafi ka sake zagaya haɗe-haɗen, don wani yoyon sai da zafi yake bayyana.

Yanzu karanta ma'aunan nan huɗu: fita daga tukunya, shiga gida, fita daga gida, komawa tukunya. Tsakanin na farko da na biyu digiri ɗaya ko biyu. Tsakanin shiga da fita, lokacin da fanka ke aiki, wajen 20. In ka ga 35 ko 40, ruwa ba ya gudu yadda ya kamata: ko iska ta maƙale, ko matata ta toshe, ko famfo ya yi kaɗan. Ruwan da ke komawa kada ya sauka ƙasa da 140, domin a nan ne gumi ke haɗuwa da baƙin kwaltar hayaƙi su ci bangon murhu. Shi ya sa wasu kamfanoni ke wajabta bawul mai mayar da ruwa tukunya in zafinsa ya faɗi ƙasa da 150. Ka rubuta lambobin da alƙalami a jikin bango kusa da bututun, da kwanan wata, domin baɗi ka samu abin kwatantawa.

Saura maganar tafiya, wadda ta shafe mu fiye da maƙwabtanmu. Da yawanmu a Disamba muke zuwa gida ganin iyaye, mu yi sati uku ko wata guda, daidai lokacin da sanyi ke kankama. Wuta za ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. In ka bar famfo na aiki kuma injin gas na ɗumama gidan, lagireton zai riƙa ɗebo ɗan ɗumi yana mayar wa tukunya, ruwan ba zai daskare ba, sai dai kuɗin gas zai ƙaru, kuma in wutar lantarki ta ɗauke dabarar ta tsaya. Hanya ta biyu ita ce zuba maganin hana daskarewa na furofilin gilaikol, ban da irin na mota mai guba, amma yana da tsada a tanki mai ɗaruruwan galan, yana kuma rage zafin da ruwa ke ɗauka, don haka tun a mataki na 2 ake sa shi cikin lissafi. Ta uku, a zubar da ruwan duka a hure layukan da iska. Kowacce ka zaɓa, ka bar mabuɗi wurin amintaccen maƙwabci, ka nuna masa ma'aunin da zai riƙa dubawa da bawul ɗin da zai rufe in ya ga ruwa a ƙasa.